Malam Bai Rage Maka Maki Ba: Ga Lissafin



Duk ƙarshen zangon karatu sai ka ji wani yana ƙorafi: "Na ci 20 a gwaji, amma 8 aka rubuta mini a katin sakamako!" Kafin ka zargi malam, tsaya ka yi lissafi. An yi gwajin a kan maki 25 ne, shi kuwa gurbin da ke cikin katin maki 10 kawai yake ɗauka. Dole a mayar da makin daga wancan ma'auni zuwa wannan.

Da farko ka raba abin da ka ci da jimillar makin gwajin: 20 ÷ 25 = 0.8. Sai ka ninka amsar da sabuwar jimilla: 0.8 × 10 = 8. Ka ga ba a cuce ka ba. Amma wanda ya ci 15, haƙƙinsa 6 ne. Idan ya ga 5, sai ya ɗauki takardarsa ya je wurin malam cikin ladabi, domin maki ɗaya yana iya raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Wasu suna cewa tunda 25 ta fi 10 da 15, a cire wa kowa 15 kawai. Da haka ake yi, da mai 15 ya tashi da sifiri alhali ya ci fiye da rabi.

To, idan ma'aunin bai fara daga sifiri ba fa? Dubi awon zafi. A ma'aunin Salshiyas da muke amfani da shi, ruwa yana daskarewa a 0, ya tafasa a 100. A ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a Amurka, yana daskarewa a 32, ya tafasa a 212. Tazarar na farko 100 ce, ta na biyu 180.

Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne a Salshiyas. Raba da 100, ka sami 0.37. Ninka da 180, ka sami 66.6. Ƙara 32, tunda daga nan ma'aunin ya fara: 98.6. Saboda haka idan na'urar awon zafin jiki ta nuna 98.6, kada hankali ya tashi. In kuwa ta nuna 102.2, juya lissafin: cire 32, raba da 180, ninka da 100. Digiri 39 ke nan, zazzaɓi ne, a tafi asibiti.

Ƙa'idar ɗaya ce: cire mafarin tsohon ma'auni, raba da tazararsa, ninka da sabuwar tazara, sannan ka ƙara sabon mafari. A makin gwaji mafarin sifiri ne, shi ya sa ba mu cire ko ƙara komai ba.

Tambayar mako: ɗaliba ta ci 18 cikin 30. Nawa za a rubuta mata cikin 20? A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.