Sinadarin Narka Maiƙo: Hajar da Ake Sayowa Waje Alhali Tushenta Yana Gida

SULEJA – Duk inda mata suke tuyar ƙuliƙuli a unguwar Hashimi, ko inda mahauta suke zubar da ruwan wanke nama, ƙasar wurin takan yi baƙi saboda maiƙo. A cikin irin wannan ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya, musamman dangin Pseudomonas da Bacillus, waɗanda abincinsu shi ne wannan maiƙon. Don su iya cinsa, sukan fitar da wani sinadari mai suna laifes, wanda yake tsinka ƙwayar mai ko kitse da taimakon ruwa, ya raba ta gida biyu: gilisarin da kuma sinadaran tsami na mai. Cikin ɗan Adam ma yana samar da irinsa don narka kitsen abinci.

Wannan sinadari haja ce mai tsada a kasuwar duniya, kuma ɗakunan gwaje-gwaje suna cikin masu sayensa. Idan likita ya aika mutum a auna yawan kitsen da ke cikin jininsa, ruwan gwajin da ake ɗiga wa jinin yana ɗauke da laifes na bakteriya. Shi ne yake fara sakin gilisarin daga kitsen, sa'an nan wasu sinadarai su bi baya har ruwan ya sauya launi, na'ura kuma ta karanta ƙarfin launin ta ba da adadi. Masu binciken haɗa magunguna kuwa suna amfani da shi wajen rarrabe sinadarai tagwaye masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, domin sau da yawa ɗaya ne kaɗai yake magani. Kamfanin Amano na birnin Nagoya a Japan ya yi suna wajen sayar da laifes na bakteriya don wannan aiki.

Masana'antar sabulun wanki ce ta fito da shi fili. A shekarar 1988 kamfanin Novo na Denmak ya fitar da Lipolase, wanda aka samo daga naman gwari, daga bisani kuma na bakteriya suka shigo kasuwa, irin su Lumafast da Lipomax. Har ila yau ana amfani da shi wajen cire kitse daga fatu, musamman fatar tumaki, maimakon sinadarai masu ƙarfi da ke gurɓata ruwa. Wannan batu ya shafi masu jima na Challawa da Sharaɗa a Kano kai tsaye, haka kuma Cibiyar Nazarin Kimiyyar Fata da ke Samaru, Zariya.

Gano ƙwayar da ke fitar da laifes ba abu ne mai wuya ba, kuma ɗaliban jami'o'inmu sun daɗe suna yin haka. Akan ɗebo ƙasa mai maiƙo, a shuka ƙwayoyinta a faranti mai ɗauke da mai. Duk wadda kewayenta ya washe, to ita ce mai narkawa. Wahalar tana gaba. Kafin abin da ke faranti ya zama haja, sai an reni ƙwayar a manyan tankuna da zafi daidai na tsawon kwanaki, a tace sinadarin, a tabbatar ƙarfin na yau bai bambanta da na gobe ba. Ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan sa'o'i tana iya lalata tanki guda. Shi ya sa yawancin binciken yakan tsaya a kundin digiri.

Saboda haka ruwan gwajin da asibitocinmu suke amfani da shi galibi daga waje yake zuwa, da kuɗin musaya, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 nauyin ya ƙaru a kan masu ɗakunan gwaji da majiyyata. Bugu da ƙari, dole a ajiye shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga tashar jirgi har zuwa teburin gwaji.

A ganinmu, ɗan kasuwar da ke sha'awar wannan fanni bai kamata ya fara da laifes na gwajin jini ba, domin tsarkin da ake buƙata a nan ya fi ƙarfin ƙaramin jari. Wanda ake jima da shi ko ake zubawa a sabulu ba ya buƙatar tacewa mai zurfi, kuma masu sayensa suna nan Kano. Cibiyar kimiyya ta Sheda da ke Kwali da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna duk ba su da nisa da Suleja ga mai neman masanan da zai yi shawara da su.