HAWI KO NAKKASHI? Sunan Masu Fentin 'Yan Mutum-mutumi A Birnin Alkahira

 A wannan fitowa za mu ɗan ɗauke ku daga zancen goro da kuɗin haya, mu kai ku birnin Alkahira a kan wata magana wadda da jin farko sai a ce ta yara ce, amma in an bi ta a hankali sai ta kai mutum har zauren malamai.

Ga yadda maganar take. A zamanin nan akwai waɗansu mutane, manya da gemunsu, waɗanda in sun taso daga aiki sai su ɗauki ɗan burushi mai siririn baki, su duƙufa suna shafa fenti a jikin 'yan mutum-mutumi na dalma ko na roba, tsawon kowane bai fi inci ɗaya da 'yan kai ba. Sojoji ne, da mahaya dawaki, da dodanni irin na tatsuniya. Ɗaya tak sai ya ci wa mutum kwana da kwanaki, galibi kuwa ba don kuɗi suke yi ba. A Turai abin ya bunƙasa. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu kogon ciki, suka yi araha. A 1975 aka kafa Games Workshop, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983, ya kuma buɗe gasar fenti mai suna Golden Demon a 1987. Su kansu Turawan Ingila ba su tsaya a kan suna ɗaya ba: wani ya ce shi mai fenti ne, wani ya ce mai wasan yaƙi, wani kuwa mai harhaɗa samfur. Faransawa su ne suka huta, suna cewa figuriniste.

Mu Hausawa ba mu da sunan. Inda kuwa babu suna, baki yakan cafko wanda ya fi kusa, wanda ya fi kusa a nan shi ne "mai gumaka". To, wannan kalma ba ƙarama ba ce a zango, tana iya hana yaro aure, tana iya korar masu saye daga rumfar mutum. Shi ya sa muka ce bari mu duba yadda mutanen Masar suka yi da tasu, domin sun daɗe ƙwarai a wannan sana'a.

A 1894 aka tono kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut, wanda ya rayu wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. A ciki aka sami runduna biyu na 'yan sojojin itace: 40 Misirawa masu mashi da garkuwa, 40 kuma baƙaƙen mutanen Nuba masu baka da kibiya, duk a jere sahu-sahu. An yi wa garkuwoyin fenti kamar fatar saniya, kowace da irin roɗinta, tsawon maharban kuma ba ɗaya ba ne, kamar dai mutane na gaske. An adana su a Alkahira. A 1920 kuma aka sami na wani babban bafade, Meketre, kusa da Luksor, fiye da 20: ga jiragen ruwa, ga mahauta, ga masaƙa, ga masu ƙidayar shanu, kai ka ce kasuwar zango ce aka ƙanƙanta. Aka raba su tsakanin Alkahira da Niyok. Shi kuwa Fir'auna Tutankamun, wanda aka buɗe kabarinsa a 1922, da 'yan barorin wasa 413 aka binne shi, wai su yi masa aiki a lahira.

Abin lura a nan shi ne sunayen masu aikin. Mai zana siffa, a harshensu na dā, ana ce masa sesh kedut, watau marubucin siffofi, an haɗa shi da malaman alƙalami ke nan. Masassaƙi kuwa ana ce masa sankh, ma'anarsa mai rayarwa. Duk wanda ya yi karatun hadisi ya ji wannan sai gabansa ya faɗi, domin hadisin da ya yi gargaɗi ga masu yin siffofi cewa ya yi za a nemi su raya abin da suka ƙera, su kuwa kasa. Waɗancan mutane da bakinsu suka yi da'awar, kuma don addininsu suka yi aikin. Yaron da ke fentin sojan roba bai yi wannan da'awa ba.

Da Larabci ya zauna a Masar sai sunaye suka yi yawa. Kalmar da ta fi dacewa ita ce musawwir, sai dai Al-Musawwir ɗaya ne daga cikin sunayen Allah kyawawa, don haka tana da nauyi a baki, ko da yake yau a Alkahira mai ɗaukar hoto ake kira da ita. Malam Makrizi, masanin tarihin birnin, wanda ya rasu a 1442, muzawwiƙ yake ce musu, watau mai ƙawatawa. Shi ne ya ba da labarin waziri Yazuri, wanda ya riƙe wazirci daga 1050 zuwa 1058, ya haɗa gasa tsakanin gwanaye biyu, Ƙasir na Masar da Ibn Aziz na Iraƙi. Ƙasir ya zana mai rawa da fararen tufafi a baƙin gurbi, kamar tana shigewa cikin bango. Ibn Aziz ya zana tasa da jajayen tufafi a gurbi rawaya, kamar tana fitowa. Waziri ya yi wa kowa kyauta. Akwai kuma nakkash, wanda a dā suna ne mai daraja, amma yau in ka nemi nakkash a Alkahira mai fentin ɗaki za a kawo maka da bokitinsa. Rassam kuwa mai zane a takarda ne, nahhat masassaƙi, alhali mutumin namu bai sassaƙa kome ba, sayo abin ya yi.

Sunan da ya rage masa shi ne hawi, watau mai yin abu don sha'awa, irin sunan da ake ba mai tara kan sarki ko mai kiwon tantabara. Amma fa a yi hattara. Larabci yana da "ha" biyu, mu kuwa kunnenmu ɗaya yake ji. In ka faɗe ta da sauƙi, mai sha'awa ne. In ka matse maƙogwaro, ka kira shi gardi mai wasa da maciji da rufa-ido. Ɗalibanmu da ke Azhar sun san wannan tarko. Kuma asalin kalmar hawa ne, son zuciya, abin da malamai ke ja mana kunne a kansa kullum.

Yanzu bari mu leƙa kasuwa, inda ya fi shafar 'yan kasuwarmu. Duk shekara in watan Mauludi ya kama, rumfunan Alkahira sukan cika da "amaryar Mauludi" da "dokin Mauludi". Sukari ake narkawa a zuba cikin mazubin katako, in ya daskare a yi wa amaryar ido da kumatu da launi, a kafa mata mafitai na takarda a baya. 'Yan mata su sami amarya, maza su sami doki da mahayinsa riƙe da takobi. Mutanen gari suna danganta al'adar da zamanin Faɗimiyyawa. Mai yin su bai taɓa kiran kansa mai zane ba; halawani ne, mai alewa, babbansu kuwa usɗa ko mu'allim. Ya fake a inuwar sukari, ya zauna lafiya shekara da shekaru. A 'yan shekarun nan 'yar tsanar roba ta ci kasuwar ta sukari ƙwarai, sana'ar tana ja da baya.

Hukunci ba namu ba ne, na malamai ne, amma ga abin da ke cikin littattafan Malikiyya da muke karantawa. Siffar abu mai rai, in cikakkiya ce mai inuwa, an hana. In ba ta da inuwa, ko an rage mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, hukuncin ya sassauta. An kuma keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha ta yi wasa da su, har da doki mai fukafukai. Wanda ba ya daɗewa, kamar na ƙullu, an yi saɓani a kansa. Sa'an nan ga Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Alkahira, wanda ya rasu a 1285: shi da kansa ya ba da labarin ya ƙera wani mazaunin kyandir mai zaki a jiki, idanun zakin suna sauya launi kowace sa'a, in alfijir ya keto kuma wani ɗan mutum ya bayyana a sama da yatsa a kunne, alamar kiran salla. Ya ce abin da ya gagare shi kawai shi ne sa shi magana.

A ganinmu, gunki shi ne abin da ake bauta wa, kuma bai kamata a jefi ɗan Musulmi da wannan suna ba tun malami bai duba abin da ke hannunsa ba. Mu a wannan takarda "mai fentin 'yan mutum-mutumi" za mu riƙa rubutawa, ko da yake ya yi tsawo. Ɗan kasuwar da ke shirin sayo irin waɗannan kaya daga Khan Halili ko wani wuri, ya fara kai samfur ɗaya gun limamin unguwarsu, ya faɗa masa ko na wasan yara ne ko na ajiyewa a kan kanta, domin amsar ba ɗaya ba ce. Dattijon da ya san wani suna da ya fi namu gajarta, ya aiko wa sakataren ƙungiya, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya so.