Haɗarin Da Ke Ɓoye A Rumbun Wucin Gadi Na Manhajoji

A farkon watan Satumba na 2021, Hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layukan waya a jihar Zamfara. Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun shafe makonni babu kira, babu intanet, masu POS da yawa sun rufe rumfuna. Duk mai haɗa manhaja don wannan yanki ya san dole ta iya aiki ko da netwok ya ɗauke. Maganin kuwa shi ne rumbun wucin gadi, wato manhajar ta ajiye abin da ta sauko da shi a cikin wani fayil, don gobe ta ɗauka ba sai ta koma intanet ba.

Dabarar tana da kyau. Matsalar tana wajen tambayoyi biyu da ba kasafai ake yi ba: ina aka ajiye fayil ɗin, kuma ta yaya ake buɗe shi?

A tsarin Linux akwai folda mai suna /tmp wadda kowane mai asusu a kan na'urar yake iya rubutu a ciki. Kamar dandalin kasuwar Shinkafi ne ranar Alhamis, kowa na iya sauke buhunsa. Laburaren Python mai suna Suds, a sigarsa ta 0.4, yana ajiye rumbunsa a /tmp/suds da sunayen fayil da kowa zai iya hasashe. Wani mai asusu a na'urar zai iya riga shi zuwa wurin ya dasa tarko. An yi wa wannan ɓaraka rajista da lamba CVE-2013-2217. Jinja2, wanda Flask ke amfani da shi wajen tsara shafuka, ya faɗa irin wannan rami a 2014, kuma gyaran farko da aka fitar a siga 2.7.2 shi ma sai da aka sake gyara shi.

Tambaya ta biyu ta fi tsanani. Idan manhaja za ta ajiye bayanai, tana ƙulle su su zama jerin lambobi, in ta tashi amfani da su sai ta kwance ƙullin. A Python hanya mafi sauƙi ita ce pickle, layi biyu an gama. Sai dai pickle ba bayanai kawai yake ɗauke da su ba, yana iya ɗauko umarnin da kwamfuta za ta aiwatar a daidai lokacin kwancewa. Ba sai an danna komai ba. Takardun Python da kansu sun yi gargaɗi ƙarara cewa kada a kwance pickle daga inda ba a amince da shi ba, amma masu kwafar kod daga darussan YouTube ba sa kaiwa wannan shafin.

Haɗa biyun: fayil a wurin da kowa ke rubutu, da manhajar da ke kwance shi ido rufe. Wanda ya musanya fayil ɗin ya samu duk ikon da manhajar take da shi, har da rumbun bayanan kwastomomi da makullan shiga asusun biyan kuɗi. A ɗakin kwamfuta irin na makaranta, kamar inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda suke gwaji, ko shagon buga takardu da mutum goma ke amfani da na'ura ɗaya, ko saba mai araha da ake haya da baƙi, wannan ba labarin nesa ba ne.

Manyan kamfanoni ma sun sha. A 2015 Chris Frohoff da Gabriel Lawrence suka nuna yadda za a yi wannan kutse a Java ta hanyar laburaren Apache Commons Collections, daga baya aka ga ya shafi WebLogic da JBoss da Jenkins. A 2017 ƙungiyar OWASP ta saka matsalar a lamba ta 8 cikin jerin manyan haɗura goma na manhajojin intanet.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Bayanai zalla a ajiye su da JSON ko SQLite, waɗanda ba sa aiwatar da umarni yayin karatu. Rumbun ya zauna a foldar mai asusu shi kaɗai, da izinin 700, ko a ƙirƙire ta da tempfile.mkdtemp. Mai karanta YAML ya yi amfani da safe_load. In ya zama dole a yi pickle, a sa masa hatimin HMAC, a duba hatimin kafin kwancewa, makullin kuma kada ya kwana a folda ɗaya da fayil ɗin.

Masu sauko da samfuran ƙirƙirarriyar basira su ma abin ya shafe su, domin fayilolin PyTorch da yawa pickle ne a ciki. Sai a siga 2.6, a farkon 2025, torch.load ya fara takaita abin da yake kwancewa da kansa. Wanda yake riƙe da tsohuwar siga saboda tsadar data, ya rubuta weights_only=True da hannunsa, ko ya nemi samfurin a tsarin safetensors.