Ƙwan Jika a Cikin Kaka

Ba kowa ya san cewa mace mai cikin 'ya mace tana ɗauke da tushen jikokinta ba. Makonni kaɗan da shigar ciki, wasu ƙwayoyin halitta kan bayyana a gefen ɗan tayi, su yi ƙaura zuwa inda ma'ajiyar ƙwai za ta tsiro. A can suke ta rarrabuwa, har su kai miliyan 6 zuwa 7 wajen mako na 20.

Daga nan sai raguwa. Ranar haihuwa miliyan 1 zuwa 2 ne suka saura, lokacin balaga kimanin 300,000, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta kuwa ba su wuce 500 ba. Jikin namiji kullum yana samar da sabon maniyyi. Ita mace da guzurin da aka haife ta da shi take tafiya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jira. Kowane ƙwai yakan fara rabuwarsa ta ƙarshe tun yarinya tana ciki, sai ya tsaya cak, wani har shekara 40, kafin ya ci gaba. Tsawon jiran nan yana cikin dalilan da larurar Down ta fi yawa a haihuwar da ta zo bayan shekara 35. Bincike ya kuma nuna shan taba lokacin goyon ciki yana rage waɗannan ƙwayoyi, asarar da ba ta mayuwa.