Shin Ko Kun San? Tafkin Chadi da Ciyayin Bakinsa

Shin ko kun san cewa a farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000? Farin 1973 da na 1984 suka cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na faɗin nan, tafkin ya rabe biyu, ɓangaren arewa da na kudu. Daga shekarun 1990 zuwa yau ya ɗan farfaɗo, don haka masu cewa ya mutu sun yi gaggawa.

Ko kun san ruwansa ba na gishiri ba ne, duk da cewa babu kogin da ke fita daga cikinsa? Wani ɓangare na ruwan yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa, ya tafi da gishirin.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba masa daga Shari da Logone yake fitowa. Namu Komadugu Yobe ɗan kaɗan yake kawowa.

Ko kun san arzikin tafkin a bakinsa yake? Cikin ciyayin gaɓa kifi ke zuba ƙwai, nan 'ya'yansa ke fakewa kafin su girma su zama bandar da ake lodi a Baga. Saiwar ciyayin ce kuma ke riƙe ƙasa, tana tace laka. Ruwa na janyewa manomi ya bi danshi ya shuka masara da wake, makiyayi ya biyo baya da shanu.

Amma fa kowane abu da iyakarsa. A dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ruwansa ke gangarawa Komadugu Yobe, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya koma bisa lokacinsa. Fadamar da ta saba bushewa da rani ta zauna a jiƙe, sai ciyawar kachalla ta samu wuri. Ta toshe magudanai, ta hana kwalekwale wucewa, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta suna wayar gari a gonakin shinkafa. Jama'a na shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yanka, tana sake tofowa.

Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 aka kafa ta, hedikwatarta a Injamena. An daɗe ana maganar jawo ruwa daga yankin Kongo, har yau ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Kafin wannan ya tabbata, masu kula da madatsai su riƙa sakin ruwa bisa tsarin damina da rani, masunta kuma su bar 'ya'yan kifi su girma.