FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa masoya "V for Vendetta" ke ɗar-ɗar da shirin sake mayar da shi fim

A watan Nuwamban 2025 ne mujallar Variety ta Amurka ta ruwaito cewa tashar HBO na shirin mayar da littafin "V for Vendetta" fim mai dogon zango. Rahoton ya ce marubuci ɗan Birtaniya Pete Jackson ne zai tsara labarin, kuma James Gunn da Peter Safran, shugabannin DC Studios, na cikin masu ɗaukar nauyin aikin.

Labarin ya fama wani tsohon miki a zukatan makarantan littafin. Shekara 20 ke nan suna jayayya a kan fim ɗin farko da ya fito a 2006: wasu na ganin shi ya kai saƙon littafin ga duniya, wasu kuma na ganin ya zare masa haƙora. Tunda daga wannan labari ne aka samo fuskar nan mai murmushi da siririn gashin baki, wadda masu zanga-zanga ke sanyawa a ƙasashe da dama, ya dace a san asalin rigimar.

Me littafin ya ƙunsa?

"V for Vendetta" ƙagaggen labari ne da aka bayar cikin zane, amma na manya ne, ba irin na yara ba. Alan Moore ne ya rubuta shi, David Lloyd ya zana. Ya fara fitowa kashi-kashi a 1982 a mujallar Warrior ta Birtaniya, zamanin mulkin Margaret Thatcher. Mujallar ta durƙushe a 1985 labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC Comics na Amurka ya karɓe shi, ya fitar da shi cikakke a kashi 10 tsakanin 1988 da 1989.

Labarin ya hasko Ingila ta 1997, bayan yaƙin nukiliya ya ɗaiɗaita duniya. Wata jam'iyyar kama-karya mai suna Norsefire ta ƙwace mulki, ta tara baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da 'yan adawa da duk wanda ba ta so a sansanoni, ta hallaka su. Wani fursuna da aka yi gwajin magunguna a jikinsa a ɗaki na biyar na sansanin Larkhill ya tsere. Biyar a lissafin Rumawa ana rubuta ta V, nan ya samo sunansa. Ya dawo yana bin waɗanda suka azabtar da shi ɗaya bayan ɗaya, yana kuma rusa gwamnatin.

Fuskar da yake sanyawa ta Guy Fawkes ce, ɗan ɗariƙar Katolika da aka kama ranar 5 ga Nuwamba, 1605, yana gadin ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin Majalisar Ingila, a wata maƙarƙashiyar kashe Sarki James na Ɗaya. Ƙarni huɗu Turawan Ingila na ƙona mutum-mutuminsa duk shekara a matsayin maci amana. Moore da Lloyd ne suka juya shi ya koma alamar bore.

Yadda aka fara rigima tun fim bai fito ba

Kamfanin Warner Bros. ne ya shirya fim ɗin. 'Yan gidan Wachowski, waɗanda suka yi "The Matrix", su suka rubuta labarin, James McTeigue ya ba da umarni. Hugo Weaving ya fito a matsayin V, Natalie Portman kuma ta fito a matsayin Evey, har aka aske mata kai ƙwal a gaban kyamara.

A 2005 furodusan fim ɗin, Joel Silver, ya shaida wa manema labarai cewa Moore na murna da aikin. Moore ya ƙaryata, ya nemi a janye maganar a bainar jama'a. Da bai samu yadda yake so ba, ya raba gari da DC, ya ce a cire sunansa daga fim ɗin, kasonsa na kuɗi kuma a bai wa Lloyd. Shi kuwa Lloyd ya goyi bayan fim ɗin. Wato iyayen littafin biyu ma kansu ya rabu, balle makaranta.

Sai kuma aka kai harin bama-bamai a jiragen ƙasa da motar bas a Landan ranar 7 ga Yuli, 2005, mutum 52 suka mutu. Ga shi kuma a labarin, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne V ya cika da abubuwan fashewa. An ɗage fitar da fim ɗin daga Nuwamban 2005 zuwa Maris na 2006. Masu shirya shi sun ce aikin tacewa ne bai kammala ba, amma jama'a da yawa sun danganta ɗagewar da harin.

Abin da masu suka ke cewa

Babban ƙorafinsu a kan aƙida ne. A littafin, V ɗan aƙidar rayuwa ba tare da hukuma ba ne, yana ganin kowace irin gwamnati sarƙa ce a wuyan ɗan Adam. Moore ya haɗa wannan aƙida kokawa da mulkin danniya irin na Hitler, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. A fim ɗin an kawar da wannan, V ya zama mai neman 'yanci kawai. Moore da kansa ya ce an mayar da labarinsa rigimar siyasar Amurka ta zamanin George W. Bush, tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi.

Na biyu, V na littafi mutum ne mai ban tsoro, ba a iya tantance ko gwarzo ne ko mahaukaci. Yana kisa ba tausayi. Ya kulle Evey, yarinya 'yar shekara 16 da talauci ya tura kan titi, ya azabtar da ita da sunan cire mata tsoro. Fim ɗin bai cire azabar ba, amma ya mayar da Evey babbar mace ma'aikaciyar gidan talabijin, ya kuma shigo da ƙamshin soyayya tsakaninsu.

Na uku, wa ke da laifi? A littafin, jama'a ne da kansu suka miƙa wuya ga Norsefire saboda tsoro da yunwa, kuma shugaban, Adam Susan, ya yi imani da gaske cewa ceton ƙasa yake yi. A fim ɗin an sauya masa suna zuwa Sutler, mai tsawa ta allon talabijin, kuma an nuna cewa jam'iyyarsa ce ta ƙirƙiri wata annoba ta kashe dubban mutane don ta ci zaɓe. Masu suka na cewa wannan ya sauƙaƙa wa mai kallo: da zarar an ce wasu miyagu ne suka yaudari talakawa, an wanke talakawan ke nan.

Ƙarshen ma ya bambanta. A littafin, tun a shafukan farko V ya tarwatsa Majalisa, kuma labarin ya ƙare cikin hargitsi, Evey ta ɗauki fuskar, ba wanda ya san me gobe za ta haifar. A fim ɗin, rushewar Majalisa ce ta rufe labari, dubban mutane sanye da fuskar V suna kallo, sojoji sun ƙi harbi.

Abin da masu yabo ke cewa

Su kuma hujjarsu ita ce, kowane zamani da abin tsoronsa. Fargabar nukiliya ta shekarun 1980 ta gushe, a 2006 abin da ke gaban mutane shi ne yaƙi da ta'addanci, leƙen asirin 'yan ƙasa, da tsare mutane ba shari'a. Suna kafa misali da wani ɗan wasan barkwanci a fim ɗin, wanda aka kashe bayan an samu Alƙur'ani a ɓoye a gidansa. Babu wannan a littafin, kuma ya taɓo ƙyamar Musulmi da ta yi ƙamari bayan harin 11 ga Satumba, 2001.

Suna kuma cewa taron masu fuska ɗaya da masu suka ke rainawa, shi ne ya fito daga allo ya hau titi. A 2008 masu kutsen intanet na Anonymous suka sanya fuskar a zanga-zangarsu ta adawa da cocin Scientology. A 2011 ta bayyana a boren Occupy Wall Street, a 2013 Bahrain ta haramta shigo da ita, a 2019 aka gan ta a titunan Hong Kong. A Najeriya ma, lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, masu amfani da sunan Anonymous sun yi iƙirarin kutse a shafukan wasu hukumomin gwamnati.

Wa ke cin moriyar boren?

A nan ne maganar ta wuce ta son fim. Moore ya sha bayyana cewa yarjejeniyarsa da DC ta tanadi haƙƙin mallakar littafin ya dawo hannun masu shi idan kamfanin ya daina buga shi na tsawon shekara guda. Kamfanin bai taɓa dainawa ba, don haka haƙƙin bai dawo ba. Shi ya sa za a iya yin sabon fim ko Moore ya so ko ya ƙi.

Fim ɗin 2006 ya tara sama da dala miliyan 130. A 2011 kuma jaridar New York Times ta ruwaito cewa Time Warner, uwar kamfanin Warner Bros. a lokacin, na karɓar kaso daga kowace fuskar V ta asali da aka sayar. Ma'ana, matashin da ya saye ta don ya yi wa manyan kamfanoni bore, ya jefa kuɗinsa a aljihun ɗaya daga cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kyautata zato na ganin fim mai dogon zango zai samu filin da fim na awa biyu bai samu ba, ya shiga rayuwar ƙananan ma'aikatan gwamnatin danniya, 'yan sanda da matansu da 'yan farfaganda, waɗanda su ne ƙashin bayan littafin. Masu shakka kuma na tambayar ko katafaren kamfani zai yarda ya zuba kuɗi a labarin da jaruminsa ke cewa a rushe hukuma baki ɗaya. Idan aikin ya tabbata, abu biyu za a duba: ko an bar V da aƙidarsa da muninsa, da kuma ko an ɗora wa jama'ar da suka yi shiru nasu kason na laifi.