Faɗuwar Gaba da Takardar Gwajin Zuciya

Ƙarfe biyun dare wani saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya farka a firgice. Gabansa na dukan uku-uku, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, numfashi ya ƙi isarsa, yana jin kamar kiyashi na bin leɓɓansa da yatsunsa. Ya kama kalmar shahada, ya tashi mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki yafe mini, tawa ta ƙare." Kafin a samo mai mota abin ya fara lafawa. A asibiti aka auna jininsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fitar da takarda mai zane kamar jerin duwatsu, a samanta an buga da Turanci "Abnormal ECG", ma'ana gwajin ya nuna abin da ba daidai ba. Likitan dare ya duba ya ce babu komai, a je a huta, ya juya ga na gaba a layi. Saurayin kuwa ya riga ya karanta. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Duk wanda ya yi aiki a sashen gaggawa ya san irin wannan labari. Abin da ya tashi saurayin shi ne firgicin farat ɗaya, kuma cuta ce ta gaske mai magani. Yakan taso ba sallama, ya kai maƙura cikin kamar minti goma, yawanci ya sauka kafin rabin sa'a. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya lissafa masa alamu 13, ciki har da bugun zuciya, karkarwa, ciwon ƙirji, jiri, tashin zuciya, tsoron haukacewa da tsoron mutuwa. Idan huɗu daga ciki suka haɗu lokaci guda, to shi ne.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai sarrafa sinadarin adiranalin. Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta ba da umarni a zuba shi cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu don jini ya isa cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, ciki ya dakata da narkar da abinci. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya yi bayanin wannan shiri tun 1915, shirin da jiki ke yi na faɗa ko gudu. Manomin da ya yi kiciɓis da kububuwa a kunya yana buƙatarsa. Mai firgici kuwa jikinsa ne ya yi wannan shiri kaf alhali yana kwance kan katifarsa.

Batun numfashin ne ya fi ruɗa mutane. Mai firgici yana jin iska ba ta isarsa, sai ya dinga haki. A zahiri oksijin ya ishe shi. Hakin ne ke fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima. Idan ta yi ƙaranci, hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa sukan tsuke, jiri ya zo, kiyashin nan ya fara bin leɓe, wani lokaci yatsu su ƙandare su lanƙwashe. A gidajenmu da an ga hannu ya ƙandare haka sai a ce iska ce, a aika a kira mai ruƙiyya. Iskar ce kam, amma ta huhu.

Likitoci sun daɗe da sanin zuciyar da ke kuka ba tare da rauni ba. A 1871 Jacob Da Costa, likita a Filadelfiya, ya wallafa bayani kan sojoji kimanin 300 na yaƙin basasar Amurka masu fama da bugun zuciya da ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, amma bai samu wata lalacewa a zukatansu ba. Daga baya aka riƙa kiran abin da zuciyar soja.

Sai takardar. Na'urar ECG ba hoton zuciya take ɗauka ba. Wutar lantarkin da ke gudana a cikinta a kowane bugu take zanawa. Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan ne ya inganta ta a farkon ƙarni na 20, ya samu kyautar Nobel a 1924. Tasa na'urar ta kai nauyin kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majiyyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Ta yau wayoyi goma ake mannawa, ta leƙa zuciya ta kusurwa goma sha biyu, cikin daƙiƙa goma kacal.

Rubutun da ke saman takardar ba likita ne ya yi shi ba. Manhajar da ke cikin na'urar ce ke auna tsayi da faɗin zanen, ta gwada da lambobin da aka ɗora mata, duk abin da ya ɗan goce ta yi ƙorafi. Da gangan aka gina ta ta zama mai yawan zargi, don kada wani abu mai haɗari ya wuce ta. Ba ta san kana da zazzaɓi ba, ba ta san yanzun nan ka gama kalmar shahada ba. Shi ya sa yawancin irin waɗannan takardu ke ɗauke da kalmar "Unconfirmed" a gefe, wato likita bai tabbatar ba tukuna. Kalmar "Abnormal" kowa ke gani, "Unconfirmed" kuwa ba mai kula ta.

Abubuwan da ke sa ta ƙorafi kan lafiyayyen mutum suna da yawa. Zuciyar baligi a zaune takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, wanda ya shigo a tsorace kuwa dole ya haura ɗari, na'ura ta rubuta. A jikin matasa bugun kan ɗan ƙaru idan sun ja numfashi, ya ragu idan sun saki. Alamar lafiya ce, amma na'urar kan ba ta suna mai ban tsoro. Siririn saurayi mara tsoka a ƙirji zanensa kan yi tsayi, na'ura ta ce naman zuciyarsa ya yi kauri. In mai gwajin ya manna wayoyin ƙirji sama da inda ya kamata, zanen kan karkace har ya yi kama da na mai tsohon ciwo. Hakin firgici shi kansa yana iya sauya zanen na ɗan lokaci. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: yawancin ma'aunan nan a jikin Turawa aka fara tsara su. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na karanta ECG ɗin 'yan wasa da aka fitar a 2017 sun amince cewa wani juyewar zane da ake gani a gaban ƙirjin 'yan wasa baƙar fata halitta ce kawai, alhali a da ana ɗaukarsa alamar cuta.

A 1986 David Clark, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, ya bayyana yadda firgici ke ciyar da kansa. Mutum ya ji zuciyarsa ta yi wani tsalle, ya fassara shi da mutuwa, tsoro ya zubo adiranalin, bugun ya ƙaru, ƙaruwar ta zama hujjar cewa fassararsa daidai ce. Tsallen kuwa, idan aka ɗaura wa masu lafiya na'ura ta kwana ɗaya, akan same shi a jikin mafi yawansu, ba su dai saurare shi ba ne. Takardar da ba a fassara ba fetur ce a kan wannan wuta. Saurayinmu zai sayi abin awon jini ya auna sau ashirin a yini. Zai raba dare yana bincike a waya, inda kowace alama ke kai mutum maƙabarta. Zai daina ƙwallo, ya daina shiga kasuwa, ran Juma'a ya zauna bakin ƙofar masallaci don ya samu hanyar fita. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Zai kuma bi ɗakunan gwaji ɗaya bayan ɗaya, kowane sabon sakamako ya kwantar masa da hankali na kwana biyu, sannan tsugune ba ta ƙare ba.

A ganina kalmar "babu komai" tana da nata laifin a nan. Mutumin da ya ga mutuwa muraran ba zai yarda babu komai ba. Zai ɗauka likitan ne bai gano ba. Na san layi na da tsawo kuma likitoci sun yi kaɗan, amma minti biyar na bayani ya fi arha a kan shekara guda ta yawon gwaji.

Kada dai a ɗauki wannan a matsayin lasisin zama a gida. Ƙarancin jini, cutar maƙoƙo mai sa jiki gudu, faɗuwar suga, zazzaɓin cizon sauro, yawan goro da kofi da lemukan ƙara kuzari, abin shaƙar masu asma, wasu magungunan mura, da barin tiramol ko kodin farat ɗaya, duk suna kawo bugun zuciya. Akwai ma wata tangarɗa ta lantarkin zuciya da ke tashi kamar an kunna makunni, bugun ya haura 150, ya tsaya kamar an kashe. Sau da yawa ana ɗaukarta firgici, sai an ɗauki zanen lokacin da take yi, ko an ɗaura na'urar Holter ta sa'o'i 24 zuwa 48, ake kama ta. Nauyin ƙirji da ke zuwa lokacin aiki ko hawan bene yana sauka hannu ko muƙamuƙi, suma, kumburin ƙafa, kasa kwanciya ba tare da tara matasai ba, ko tarihin mutuwar fuju'a ta matashi a dangi, waɗannan asibiti ake kai su nan take. Haka wanda ya haura arba'in, mai hawan jini ko ciwon suga, da abin ya fara zo masa yau.

Mai jego kuwa hukuncinta daban ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda zuciya ke gaza wa mata bayan haihuwa, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Mai jegon da ke haki da tari da kumburi, kada a ce mata damuwa ce ko iskar jego. Hoton zuciya ake yi mata.

Idan an bincika an tabbatar zuciya lafiya lau take, sai a koma kan firgicin. Lokacin da ya taso, a zauna, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja. Tsohuwar dabarar numfashi cikin jakar takarda an daina ba da shawararta, domin tana da haɗari ga mai asma ko ciwon zuciya na gaske. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne zama da ƙwararre mai koya wa mutum sauya fassarar da yake yi wa jikinsa. Har sa shi ake yi ya hau bene da gudu, ya ji bugun, ya tsaya ya ga bai mutu ba. Akwai ƙwayoyi irin su sertraline da fluoxetine, amma sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, wani lokaci ma fargabar kan ɗan ƙaru a kwanakin farko. Diazepam da Lexotan da ake karɓa a kemis suna kwantar da mutum cikin sauri, su kuma kama shi cikin sauri. Addu'a da zikiri ba sa hana ganin likita, likita ma ba ya hana su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A nan gida abin da ke tare mutane shi ne sunan asibitin. Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da an ambace su sai a ce na mahaukata ne, alhali masu rashin barci da masu faɗuwar gaba suna zuwa a duba su su koma gida a ranar.

Idan akwai irin wannan takarda a aljihunka, ka kai ta wurin likita a ranar da ba ta gaggawa ba, ka tambaye shi kai tsaye: wane layi na'urar ta yi ƙorafi a kai, kuma shi ya yarda da ita? In ya ce bai yarda ba, ka roƙe shi ya rubuta hakan a jikin takardar ya sa hannu, sannan ya tura ka wurin mai maganin firgicin.